Na'urar daidaita wuta da ake sarrafawa daga salula: amfaninta, iyakarta da abin lura kafin a saya

A teburin duk mai gyaran salula da ya san aikinsa, a kasuwar Dole ta Damagaram ne, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako a Yamai, ba a rasa wani ɗan akwati mai lambobi a fuska da igiyoyi biyu, ja da baƙa. Masu sana'ar suna kiran sa alimantasiyon. Da shi ake ba salular da ta mutu wuta don a gano inda ciwonta yake. Shi ne kuma kayan aiki na farko da ɗalibin fasaha, ko matashin da ke ƙere-ƙeren lantarki a gida don sha'awa, ke burin mallaka bayan mita da ƙarfen dalma.

A ƴan shekarun nan an fito da sabon samfuri na wannan akwati, wanda ake ba umarni daga salula ko kwamfuta ta Bluetooth ko Wi-Fi, ba tare da an taɓa shi ba. Masu talla a intanet suna yaba shi matuƙa, kuma kuɗinsa ya ɗara na wanda aka saba. Tambayar da mai saye ya kamata ya yi ita ce: me wannan ƙarin kuɗi ke sayo masa, kuma wane haɗari ke biyo shi?

Aikin akwatin tun asali

Wutar da NIGELEC ke kawowa gida volt 220 ce, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Kayan lantarki ƙanana ba sa cin irin wannan wuta. Suna son wuta mai tafiya gefe guda, kamar ta batir, kuma kowanne da ma'auninsa: farantin cikin salula yana aiki da kusan volt 4, ƙananan allunan da ɗalibai ke koyon tsara na'ura da su, irin su Arduino da ESP32, suna son volt 5 ko 3,3, fankar sola da rediyon mota volt 12, kwamfutar hannu kuma galibi volt 19. Caja ta yau da kullum ma'auni ɗaya take bayarwa. Alimantasiyon kuwa mai ita ne ke zaɓa mata abin da za ta bayar, daga sifili har iyakar ƙarfinta.

Abu biyu ake zaɓa. Na farko shi ne tansiyon, wanda ake aunawa da volt, harafin V a fuskar na'ura. Na biyu shi ne yawan wutar da ke gudu, wanda ake aunawa da amfer, harafin A. Misalin ruwan famfo yana sauƙaƙa fahimta. Volt kamar tsayin shato ne: iya tsayinsa, iya ƙarfin da ruwa ke fitowa da shi. Amfer kuma yawan ruwan da ke bi ta tiyo ne a kowace daƙiƙa. Idan aka ninka volt da amfer sai a sami wat, wato jimillar aikin da wutar ke yi. Volt 12 da amfer 2 sun ba da wat 24.

Sirrin na'urar yana wajen amfer. Mai aiki ba ya tilasta wa salula ta sha amfer kaza. Iyaka kawai yake sa mata. Muddin abin da aka jona bai nemi fiye da iyakar ba, na'urar tana riƙe volt ɗin da aka zaɓa daram, fuskarta na nuna CV. Da zarar ya nemi ya wuce, sai ta rage volt da kanta don kada amfer ya haura, fuskar ta koma CC.

A ɗauka an kawo salular da ta faɗa ruwa, ƙafafu biyu na wani ɗan ƙaramin abu sun haɗe a cikinta. Idan aka jona mata batir kai tsaye, batirin zai tura duk abin da yake iyawa ta wurin da ya haɗe, wurin ya ƙone, wani lokacin har da maƙwabtansa. Idan kuwa aka sa alimantasiyon a volt 4 da iyakar rabin amfer, sai a ga volt ya faɗi ƙasa nan take, amfer ya tsaya cak a iyaka, tun ba a danna maɓallin kunna salular ba. Wannan kaɗai ya shaida wa mai gyara cewa akwai haɗewar wuta, kuma wurin zai yi ɗumi kaɗan yadda za a iya lalubo shi ba tare da ya babbake ba. Salular mai kaya ta tsira, mutuncin mai gyara ma ya tsira.

Yadda salula ta shigo cikin lamarin

Tsofaffin alimantasiyon da maɓallan murɗawa suke aiki. Na zamani kuwa akwai ƴar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki a cikinsu, ita ke riƙe lambobin da aka zaɓa, ita ke auna abin da ke fita. Tun da umarnin ya zama lambobi, aika shi daga nesa bai da wuya. Abin da ya rage shi ne araha, kuma ta samu ne bayan da kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fito da guntun ESP8266 a 2014, sannan ESP32 a 2016. Waɗannan guntaye, da ba su fi girman tambarin wasiƙa ba idan an ɗora su a faranti, sun sa kowane ƙaramin kamfani na iya ƙara wa kayansa Wi-Fi da kuɗi kaɗan.

Hanyoyi uku ne suka fi yawa. Ta farko Bluetooth ce, wadda ke haɗa na'urar da salula kai tsaye, a tazarar da ba ta cika wuce mita 10 ba, kuma bango na rage ta. Ta biyu Wi-Fi ce, inda na'urar da salular ke haɗuwa a kan akwatin Wi-Fi ɗaya. Kusan dukkansu zangon gigahaz 2,4 kawai suke ji, shi ya sa wanda ya sa akwatinsa a zangon gigahaz 5 zai yi ta fama ba su haɗu ba. Ta uku ita ce hanyar rediyo ta kamfani, inda ake sayar da wata ƴar fuska ta daban da ke magana da na'urar.

Sunan da ya fi yawo a tsakanin masu ƙere-ƙere shi ne Riden, na wani kamfani da ke birnin Hangzhou a ƙasar Sin. Lambar samfurin ita ke faɗin ƙarfinsa. DPS5005 na kai wa volt 50 da amfer 5, kuma akwai nau'insa mai Bluetooth. RD6006 na kai wa volt 60 da amfer 6, wato wat 360, RD6012 amfer 12, RD6018 amfer 18. Wanda aka ƙara wa harafin W a ƙarshen lambarsa shi ne mai Wi-Fi. Kamfanin Miniware kuma ya bi hanya ta uku: samfurinsa MDP-P905 na ba da volt 30 da amfer 5, kuma fuska guda, MDP-M01, na iya kula da irinsu har shida a lokaci ɗaya.

Yaren da na'urorin Riden ke magana da shi ana kiran sa Modbus. Tsohon yare ne na injinan masana'antu, kamfanin Modicon ne ya fito da shi tun 1979, kuma a buɗe yake ga kowa. Saboda haka ɗalibin da ya iya ɗan rubutun manhaja ba dole ne ya dogara da manhajar kamfani ba. Yana iya rubuta tasa, ya ce wa na'urar ta fara daga volt 1, ta riƙa ƙara rabin volt duk bayan daƙiƙa 10, tana rubuta amfer a kowane mataki. Akwai ma wani aikin sa kai mai suna OpenDPS, wanda ya sake rubuta wa DPS5005 ƙwaƙwalwarta gaba ɗaya, aka saka shi a intanet kyauta.

Inda amfanin yake da gaske

Ga wanda ke zaune gaban teburinsa yana gyara, hannu ya fi salula sauri. Murɗa maɓalli ya fi buɗe manhaja sauƙi, balle ga mai riƙe da ƙarfen dalma. Ribar sarrafawa daga nesa tana fitowa ne a ayyukan da ke ɗaukar lokaci, da waɗanda ido ba ya iya bi.

Na farko shi ne tarihin wuta. Lambobin fuskar na'ura suna canzawa su wuce, amma manhaja tana zana su a layi, tana kuma iya ajiye su. Salula mai lafiya tana da yadda take jan wuta idan tana tashi: ta fara kaɗan, ta yi tsalle, ta sauka, ta sake hawa sa'ad da fuskarta ta kama. Wadda ke tsayawa a wani mataki ta maƙale tana nuna wa gwani sashen da zai bincika. Haka nan na'urar da ke aiki lafiya sai bayan minti 40 ta ɗauke, wadda ita ce ta fi ba masu gyara ciwon kai, zanen na nuna daidai lokacin da abin ya fara da yadda ya fara.

Na biyu shi ne batir. Matasa da yawa suna fasa tsofaffin batiran kwamfuta su ciro ƙwayoyin da ake kira 18650, su haɗa fitila ko ma'ajiyar cajin salula da su. A ido duk ƙwayoyin iri ɗaya ne, alhali wasu sun gaji. Ƙwayar lithiyom irin wannan ana cika ta ne a volt 4,2, da amfer da bai wuce rabin ƙarfin da aka rubuta mata ba: mai miliamfer 2.000 a ba ta amfer 1. Da farko na'urar na nuna CC, volt na hawa a hankali; idan ya kai 4,2 sai ta koma CV, amfer ya riƙa sauka har ya kusa ƙarewa. Aikin na cin awa biyu zuwa uku. Na'urar na ƙirga adadin wutar da ta shiga, kuma ƙwayar da aka fara da ita a ƙasa amma ta cika da miliamfer 600 kacal ta riga ta faɗi matsayinta. Da salula a hannu, mutum na iya ci gaba da wani aiki a shagon yana leƙa yadda cajin ke tafiya.

Na uku shi ne nisanta jiki daga haɗari. Gwajin farko na injin da aka naɗa wa sabuwar waya, ko farfelar ƙaramin jirgi mara matuƙi, ko batirin da ake shakka a kansa, ya fi kyau a yi shi mutum na tsaye mita uku ko huɗu baya, yatsansa a kan maɓallin kashewa a salula. Bugu da ƙari, tun da babu igiya tsakanin na'urar da kwamfuta, kuskuren da aka yi a tebur ba shi da hanyar bi ya ƙona kwamfutar.

Na huɗu ya shafi makarantu. A ɗakin gwaji irin na makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, ko EMIG a Yamai, ko cibiyoyin koyon sana'a, malami guda ne ke kula da tebura da yawa. Tsarin da ke nuna masa wutar kowane tebur a fuska ɗaya na ba shi damar ganin wanda ya yi kuskuren haɗi tun hayaƙi bai tashi ba.

Tarkon da masu saye ke faɗawa

Mafi yawan waɗannan na'urori masu araha ba cikakkun alimantasiyon ba ne. Kai ne kawai, ba gangar jiki. Ba a jona su a bango. Wanda ya ba su volt 220 ya kashe su nan take. Suna bukatar wata majiyar wuta mai tafiya gefe guda a bayansu, su kuma su rage ta zuwa abin da ake so. RD6006 na karɓar volt 6 zuwa 70, DPS5005 kuma volt 6 zuwa 55. Hoton talla yakan nuna akwati cikakke, amma sau da yawa akwatin ƙarfen da majiyar wutar kowanne da kuɗinsa daban. Duk mai yin oda, ta intanet ne ko ta hannun ɗan kasuwar da ke zuwa Kano, ya tabbatar da abin da ke cikin kwalin.

Na biyu, irin waɗannan ragewa kawai suke yi, ba sa ƙarawa. Dole abin da ke shiga ya ɗara abin da ake so ya fita da kamar kashi ɗaya cikin goma. Tsohuwar cajar kwamfuta mai volt 19 da wat 65 majiya ce mai kyau ga mai farawa, amma ba za ta ba da fiye da kusan volt 17 ba, kuma jimillar aikin ba zai wuce wat 65 ɗin ba ko da an rubuta 360 a jikin na'urar.

Sai dai wannan rashi yana da alherinsa a ƙasar da wuta ke yawan ɗaukewa a watannin zafi. Tun da wutar batir suke ci, ana iya jona su a batirin sola na shago, aiki ya ci gaba ko babu wutar gari. Batir mai volt 12 zai ba da har kusan volt 11, wanda ya wadatar ga gyaran salula da ƙananan alluna. Batura biyu a jere, volt 24, sun isa har ga kwamfutar hannu. Wanda batir ɗaya gare shi kuma yana son fiye da volt 12 sai ya nemi nau'in da ke ragewa yana kuma ƙarawa, kamar DPH5005, ya kuma tuna cewa fitar da volt 19 da amfer 3 zai ja wa batirin fiye da amfer 5. A sa fis kusa da batirin. Kada kuma a jona na'urar kai tsaye a faifan sola: wutarsa na hawa da sauka da gajimare, kuma faifan da ake kira na volt 12 yakan kai volt 21 ko 22 idan ba a ɗora masa kaya ba, don haka huɗu a jere sun wuce abin da na'urar ke iya ɗauka.

Haɗarin da nesa ke kawowa

Idan sadarwa ta yanke, na'urar ba ta tsayawa. Tana ci gaba da ba da wuta bisa umarnin ƙarshe da ta samu. Salula na iya mutuwa, akwatin Wi-Fi na iya ɗaukewa tare da wutar gari alhali na'urar na kan batir. Wanda ya bar lithiyom a caji ya tafi gida da tunanin zai kashe daga can ya dogara da igiyar da ba ta ɗaure komai ba. Gobarar lithiyom na da wuyar kashewa, kuma shagunan kasuwa a manne suke da juna. Ƙa'idar ba ta canza ba: ba a barin lithiyom a caji babu mutum kusa, kuma a ɗora shi a kan siminti ko cikin kwanon ƙarfe, nesa da takarda da katifa.

Kuskuren yatsa ma ya fi sauƙi a fuskar salula. Mai murɗa maɓalli yana ganin lamba na hawa a hankali. Mai rubutawa kuwa ɗigo ɗaya zai manta, 4,2 ta zama 42. Maganin wannan yana cikin na'urar: akwai iyakar volt, OVP, da iyakar amfer, OCP, waɗanda idan aka wuce su take yanke wuta da kanta. Mai gyaran salula ya sa OVP a volt 4,4 ya bar shi a nan. Haka kuma akwai zaɓin da ke sa na'urar ta fara ba da wuta da zarar ta kunnu. A kashe shi, don kada wuta ta dawo bayan ɗaukewa ta sami abin da aka manta a jone.

Sai batun tsaro. Modbus bai tanadi kalmar sirri ba, kuma na'urorin Bluetooth masu araha da yawa da lambar 1234 suke zuwa. A shagon da ake raba wa maƙwabta da abokan ciniki Wi-Fi, bai dace a ɗora na'urar a kansa ba. Wasu samfuran kuma sai sun bi ta intanet zuwa kwamfutocin kamfaninsu kafin umarni ya dawo, ma'ana ranar da babu intanet babu sarrafawa. A tambaya kafin a saya, kuma a zaɓi wadda ke da maɓallai a jikinta, wadda za ta yi aiki ko manhajar ta daina.

Akwai wasu abubuwan lura da ba su shafi salula ba amma suna cin kayan mutane. A daidaita volt da amfer tukuna, a jona kaya, sannan a kunna fitar wuta. Idan aka jona ƙaramar fitilar LED alhali wutar na kunne a volt mai yawa, ragowar wutar da ke taruwa a bakin na'urar na iya ƙona ta kafin iyakar amfer ta farga. Jona batir a juye, ja a wurin baƙa, na iya kashe na'urar. Shi ya sa samfuran RD ke da baki na uku, kore, na cajin batir, da ɗan ma'aunin zafi da ake manna wa batirin. Volt 60 ba abin wasa ba ne ga hannu mai gumi, kuma majiyar volt 220 da ke bayan na'urar tilas ta kasance cikin rufaffen akwati. Zafin Afrilu da Mayu da ƙurar hunturu na toshe fanka su rage ƙarfin na'urar, don haka a riƙa hure ta, kada kuma a yi ta aiki da ita a ƙarshen ƙarfinta. Masu gyaran rediyo su san cewa irin wannan na'ura tana kunna wuta tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa, abin da ke iya sa ƙara a gajeren zango da matsakaici. A wannan aikin tsohuwar alimantasiyon mai nauyin taransifoma ta fi ta tsabta.

Wa ya kamata ya saya?

Mai gyaran salula da aikinsa bai wuce tebur ɗaya ba zai wadatu da na'ura mai volt 15 ko 30 da amfer 3 zuwa 5, mai iyakar amfer da ake iya daidaitawa da fuskar da ke nuna miliamfer. Idan kuɗi ba su isa duka ba, gara a sa su a mita mai kyau da igiyoyi masu kauri da a sa su a Wi-Fi. Wanda kuwa ke tantance batura, ko gwada fitilu da fankokin sola na sa'o'i, ko ɗalibin da ke bukatar lambobi don rahoton ƙarshen karatu, ko malamin da ke kula da tebura da yawa, ƙarin kuɗin zai biya kansa.

Kowanne aka saya, gwajin ranar farko ɗaya ne. A sa volt 5, a auna da mita a ga ko lambobin sun yi daidai. A sa iyakar amfer a 0,1, a haɗa igiyar ja da baƙa na ɗan lokaci: fuskar ta koma CC, volt ya faɗi kusan sifili, amfer ya tsaya a 0,1. Sannan a kunna fitar wuta daga salula, a kashe Bluetooth ko Wi-Fi ɗin salular, a duba abin da na'urar za ta yi ita kaɗai. Wanda ya ga amsar da idonsa a ranar farko ya san iya abin da zai iya bar mata amana.